Japanancin da Aka Sha a Zongo

Ruwan sama ne ya tarbe ni a Kwatano, irin wanda ba ya yin iska balle mutum ya shirya, sai dai ka ji shi cikin wuyan rigarka. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga tasha, su zemijan suke ce musu, ya ga baƙo ya samu nama. Sai da ya zaga da ni unguwanni har na fara gane shagunan da muka riga muka wuce, sannan ya tuna inda Zongo take. Ya sauke ni a ƙofar gidan Alhaji Mudi jakata na ɗigar ruwa, ni kuma raina a ɓace.

Ni mai gyaran wutar mota ne. A garejin yayana Hamisu na tashi a Maraɗi, kuma a nan wannan ciwon ya kama ni. Injuna da kayan gyara suna zuwa mana daga Japan da rubutunsu a jiki, mu yi ta lalube kamar makafi. Wani mai kawo mana kaya ya ce min manyan 'yan kasuwar Kwatano suna neman yaron da ya san mota kuma yake jin Japananci, su riƙa tura shi can sayo kaya. Ya ce a Kwatanon ma ana koyar da harshen, ana jarrabawarsa a ƙarshen shekara. Daga ranar ban sake zama lafiya ba. Yaya Hamisu ya gaji da nacina ya ce, "Ilya, shekara biyu na ba ka. In ka samo takardar, Allah ya sa albarka. In ba ka samo ba ka tafo gida, ba ni son wata magana."

Alhaji Mudi mai masaukin baƙi ne. Kakansa fataucin goro ya kawo shi, shi kuma a nan aka haife shi, manyan motoci gare shi masu hawa arewa. Dogo ne, ba ya dariya sai da dalili. Ya karanta ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Maraɗi, gidana doka ɗaya ce. Kada ka jawo min magana." Ya ba ni ɗaki a can baya, jikin na wani Gambo, dillalin motoci a Seme. Gambo ne ya ara min tabarma a ranar, ya kai ni wurin mai shayi, ya nuna min wane zemijan ake hawa wane ne ake bari ya wuce. A sati guda ya samo min aiki a wani gareji a Zogbo. Na ce a raina Allah ya haɗa ni da ɗan'uwa.

Ajin Japanancin ranar Asabar ake yi. Malaminmu Mushe Kosi ɗan ƙasar ne, ya zauna a Japan ya dawo da ɗabi'ar sunkuyawa ko da waya yake amsawa. A ranar farko ya ce kowa ya yanka wa kansa kalmomin da zai riƙe a shekara, ya faɗa a gaban aji, don wanda bai yanka ba zai yi ta yawo ne kawai. 'Yan lakwal ɗin da ke ajin, wato 'yan boko masu Faransanci a baki, suka ce ɗari biyar, ɗari shida. Da aka zo kaina na ce dubu. Mushe ya sunkuya ya ce in ƙara tunani. Na ce dubu, don na ga yadda suke kallon baƙin man da ke ƙarƙashin farcena.

Shekarar farko wahala ce zalla. A salula ake karatun, kalma ta fito ka taɓa ta juya, wata ta fito. Ina taɓawa a kan zemijan, ina taɓawa ƙarƙashin mota, ina taɓawa ina cin abinci, amma abin da na riƙe da safe kafin la'asar ya zube. Ga zafin garin mai danƙo, riga ba ta bushewa a jiki. Ga abinci duk manja da kifi, ni kuwa furar gidanmu nake mafarki. In na kira Inna ta ce, "Muryarka ta rame," sai in ce layi ne ba kyau. Shekara ta ƙare ko rabin dubun ban kai ba. Ƙaramin matakin jarrabawar na ci da kyar, wanda ba mai ɗaukar ka aiki da shi. Takardar da ake nema ta mataki na gaba ce, Mushe ya ce sai mutum ya riƙe wajen dubu da ɗari biyar. Yaya Hamisu ya ce a waya, "Saura guda," ya kashe.

Na shiga shekara ta biyu ba na iya zama wuri ɗaya. Ƙafata rawa take ko a sahun salla. Wata Juma'a ina fitowa daga masallaci na ga mai sayar da alluna da tawada a bakin hanya, sai na tsaya. Duk abin da na taɓa haddacewa a duniya ya zauna, a kan allo na haddace shi. Na sayi sabon allo fil, wanda ba a taɓa rubuta ko harafi ɗaya na Alƙur'ani a kansa ba, da tawada, da alƙalamin kara. Na yanka wa kaina dubu da ɗari biyar ɗin cif, wannan karon ban faɗa wa kowa don burga ba.

Abin ya yi aiki, har ni kaina na tsorata. Bayan asuba in rubuta kalmomin ranar da zanensu, wanda suke kira kanji, kowane ɗaya kamar ƙaramin ɗaki da tagogi. In zauna bakin ƙofa ina karantawa da ƙarfi ina rangaji yadda muka saba muna yara. Da yamma in na dawo daga Zogbo in biya, in na ji sun zauna in wanke. Hannun da ya ja zane da kara ba ya mantawa. Cikin wata biyu na wuce 'yan lakwal, Mushe Kosi ya riƙa sunkuya min fiye da da.

Sai matsalar ruwan wanki. Mu dai tun muna yara ba a zubar da ruwan allo inda ƙafa ke takawa. Na san sarai wannan ba aya ba ce, sunan kujera ne da jirgin ƙasa da ranakun mako. Amma ranar farko da na ɗauki kwanon na nufi kwata, hannuna ya ƙi. Gidan Alhaji kuwa siminti ne ko'ina, babu ko gindin bishiya. Ina tsaye da kwano kamar wawa Gambo ya fito.

"Mene ne, ɗan'uwa?"

Na faɗa masa ina jin kunya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai ɗan gidan tarbiyya ne. Zuba a bido ka ajiye, ni kullum ina bi ta bakin ruwa in zan tafi Seme, sai in zubar maka a wuri mai tsarki." Har bidon, wato jarkar, shi ya kawo. Na yi masa godiya har da addu'a.

Haka muka yi watanni. Ni ban san abin da ke gudana a unguwa ba, domin kaina a cike yake da lissafin saura nawa. Ina tafiya ina ƙirga, ina alwala ina ƙirga, in na rasa kalma ɗaya sai in ji kamar an zare min haƙori. Na dai lura mutane sun fara ce min Malam. Mai shayi ya daina karɓar kuɗina. Wata rana aka aiko min da dafaffiyar kaza ba a ce daga ina ba, Gambo ya ce mutanen Zongo haka suke da son baƙo, muka cinye tare. Matan da ke wucewa in ina karatu sukan rage murya su ja mayafi. Na ɗauka ilimi suke girmamawa, har na ji daɗi.

Saura 'yan makonni jarrabawa, ina da kalma wajen ɗari uku a gabana, na raba su daidai yadda za su ƙare. Ranar wata Lahadi Gambo ya tafi Seme, ina bakin ƙofa da allona, wata dattijuwa ta shigo tana dogara sanda, ƙafarta ta hagu naɗe da tsumma. Tun daga nesa ta durƙusa.

"Malam, a gafarce ni. Na san an ce ba ka ganin mutane. Ni ce Rakiya, mai gwanjo a Misebo."

"Inna, tashi don Allah. Wa ya ce ba na ganin mutane?"

"Yaronka Gambo. Na neme shi ban same shi ba, kuma nawa ya ƙare tun shekaranjiya."

Ta kwance bakin zane ta fito da ƙaramin buteli, da sauran baƙin ruwa a gindinsa. Na karɓa na shinshina. Ƙamshin tawadata ne, wadda nake ƙara wa ƙaro da hannuna.

Ta ce Gambo ya gaya musu ni malami ne da na yi karatu a can ƙarshen gabas, hatiman da nake zanawa ba kowa ke iya ɗaukarsu ba, shi ya sa nake karanta su da harshen da ba na mutane ba. Akwai na kasuwa, akwai na tsarin hanya, akwai na ciwo. Ita na ciwo take saye. Gyambo ne a ƙafarta ya ƙi warkewa, tana sha tana shafawa. 'Yarta ta so kai ta asibiti tun tuni, ta ce a bari rubutun Malam ya gama aiki. Da ta ɗaga tsumman na kawar da kai, warin ya cika ƙofar ɗakin.

Wallahi abin da ya fara zuwa raina kalmomina ɗari uku ne. Na san in na buɗe baki magana ta tashi, kuma na san dokar gidan. Amma ƙafar tana gabana. Na ce, "Inna, ni ba malami ba ne. Wutar mota nake gyarawa. Wannan ruwan wankin karatun Japan ne, ba magani a cikinsa ko kaɗan. Ki je asibiti yau, kada ki kai gobe."

Ta dube ni ta dubi allon. Sai ta sa kuka, ba da ƙarfi ba, irin na wanda ya gaji.

Kafin magariba Zongo ta ɗauka. Wani ya kira Gambo ya tsegunta masa, bai sake kwana a gidan ba, da aka buɗe ɗakinsa sai butelai wanke a jere. Alhaji Mudi ya sa aka kira ni zaure. Yana zaune da carbi, bai ce in zauna ba.

"Ɗan Maraɗi, me na ce maka ranar da ka zo?"

"Alhaji, ni aka cuta. Ban sayar wa kowa komai ba, ko dala ban gani ba."

"Kazar fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Na yarda ba ka sani ba. Amma ruwanka ne, daga gidana ya fita, kuma har yanzu akwai masu shi a ɗaka suna sha. Gambo ya gudu, kai ka rage. Ko ka tattara kayanka yau, ko ka ɗauki allon nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu da bakinka abin da suka sha."

"Alhaji, egizame ya matso, jarrabawar nan da na zo dominta. In na faɗi, yayana zai maida ni gida. A bari in gama, sai in bi su."

"Ciwo ba ya jiran egizame," in ji shi. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Na fita ina huci. Na tsani Gambo, na tsani Alhaji, na tsani hannuna da ya ƙi zubar da ruwa a kwata. Ba ni da inda zan koma a Kwatano, don haka washegari na saɓa allo na fita.

Ba wanda ya san yawansu. Kowa na samu shi ke nuna min na gaba. Na shiga lungunan Misebo tsakanin dilolin gwanjo ina tambayar mata, wata ta zage ni tas da Hausa ta ƙare da Faransanci, wata ta ce in biya ta, wata ta rufe fuska don kada maƙwabciyarta ta san ta saya. Na je wurin direbobin manyan motoci, ɗaya ya ciro buteli daga ƙarƙashin kujera ya wurgo min, ya ce da wannan ya yi ta gudu a hanyar arewa yana ganin ba abin da zai same shi. Na je kara wurin masu shanu. Wani dattijo a can ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, na gane, ba ka son a sani. Ni dai ranar da na sha na sayar da bijimaina duka. A ƙaro min." Na rantse masa, na karanta masa allon kalma kalma, wannan lema ce, wannan asibiti, wannan ranar Talata. Ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce manyan malamai haka suke ɓoye abinsu. Har na tafi bai yarda ba.

Da safe gareji, da yamma yawon tonon kaina. In na dawo ƙafafuna sun kumbura, in ɗauki alƙalami barci ya kwashe ni. Ina kan zemijan ina ƙoƙarin biya tsofaffin kalmomi, sai fuskokin mutane su riƙa shiga tsakani. Ɗari ukun nan suna nan inda na bar su, kwanaki kuma suna ta tafiya. Wani lokaci in ji kamar in jefa allon a ruwa in hau motar arewa.

Inna Rakiya na je gani a asibiti. An yanke mata yatsa ɗaya, likita ya ce da an ƙara jinkiri da ƙafar ce. 'Yarta ta tare ƙofa ta ce ba zan shiga ba, tsohuwar ta ce a bar ni. Na durƙusa gefen gado.

"Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Me aka rubuta a wanda na sha?"

Na yi tunanin lokacin da ta ce ta fara saye. "Inna, a watannin nan kayan gida muke yi. Cokali, tukunya, firji, tsintsiya."

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take har da hawaye, tana riƙe da hannun 'yarta. "Kin ji? Wata biyu ina shan cokali da tsintsiya." Ni ban iya dariyar ba. Da zan tafi ta sa 'yar ta ba ni lemo biyu daga cikin na dubiya, ta ce in je in yi karatuna, ita ta yafe.

Na shiga jarrabawa da abin da ke kaina. A takardar na riƙa cin karo da kalmomin da na san suna cikin ɗari ukun da ban kai ba, ina ganinsu kamar mutanen da aka ce min za mu haɗu ban je ba. Da sakamako ya fito bayan sabuwar shekara, na faɗi. Da kaɗan ne, amma faɗuwa ce. Mushe Kosi ya sunkuya ya ce ya yi baƙin ciki.

Na dawo Zongo na fara haɗa kaya. A nan wani abu ya ba ni mamaki. Ina naɗe riguna sai na ji ƙirjina ya yi sakayau, ƙafata ta daina rawa. Na ga kaina a garejinmu, na ga Inna tana dama fura, na ga gari inda riga ke bushewa. Ashe na gaji. Ashe ƙasan raina so nake a ce min taho, ba tare da ni na ce na kasa ba.

Na je zaure yi wa Alhaji sallama, a gabansa na kira Yaya Hamisu don a gama komai lokaci ɗaya.

"Yaya, ban ci ba."

"To. Mi ya rage? Ka tafo, aiki na nan ya yi mana yawa."

Alhaji ya miƙo hannu. Na ɗauka musabaha zai yi, ashe salular yake so. Ya kara a kunne.

"Malam Hamisu, Mudi ne, mai masaukin ƙaninka. Yaron nan ba shi ya faɗi ba. Ni na cinye masa kwanakinsa na ƙarshe, na aike shi gyaran ɓarnar da wani ya yi a gidana, kuma ya je. Ka bar min shi shekara guda. Ɗaki da abinci a wuyana."

Ban ji abin da Yaya ya ce ba. Na dai ga Alhaji yana cewa, "Na'am. Guda, ba ƙari. Na gode." Ya miƙo min salular ta riga ta mutu.

Na tsaya riƙe da ita. Ya kamata in faɗi in yi godiya, na kuwa yi, amma ba murna ce zalla a raina ba. Maraɗin da na riga na isa a raina ta sake komawa nesa. Wata shekarar ta manja da danƙo da ƙirga ta tsaya a gabana, kuma yanzu ba Yaya kaɗai zan ji kunya ba.

"Bana nawa za ka yanka?" in ji Alhaji.

"Ɗari ukun da suka rage, Alhaji. Da riƙe na baya kada su zube."

"Ɗari uku kawai? Da dubu-dubu nake ji."

"Su nake iyawa."

Ya dube ni, a karo na farko na ga haƙoransa. Ya ce in je in kwance kayana. Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Ɗan Maraɗi. Ruwan, kullum ka kawo nan. A gabana za ka zuba shi a kwata."

Washegari da yamma na kawo kwanon. Hannuna ya so ya ƙi, Alhaji yana kallo, na runtse ido na zuba.